Wasa Ɗari Biyar

Na sauko daga motar Kano da kwali ɗaya a ka,
kuɗin riɗin da na ɓoye tun kaka duk suna ciki.
Gem guda ashirin, kowane da 'yar jakarsa,
da wayar caji, da abin toshe kunne,
da kati ƙanƙani kamar farcen jinjiri.
Yaron shagon ya dafa ƙirji:
"Wasa ɗari biyar aka ɗura, Alhaji,
babu sayen data, kunnawa kawai."
Ni da ban taɓa leƙa cikin jirgi ba
ya kira ni Alhaji, na kuwa biya.

Kasuwar jajibere a Gujungu.
Na baje buhu tsakanin mai takalman roba
da mai tabarau na yara.
Kafin in gama jerawa sun yi mini zobe.
Wani ɗan mutum yana tsalle cikin gilashi,
bulo yana zubowa daga sama, ba magini,
motoci suna tsere, ba mai shan fetur.
Iyaye su taya, su ja baya, su dawo.
Kafin azahar shida sun tafi.

Tasalla, 'yar ƙanena, ita ke riƙe mini lissafi.
Ta ɗauki na gwaji ta koma gindin maina,
duk wasan da ta buɗe
sai ta ajiye tsakuwa ɗaya a zaninta.
Can ta zo ta raɓe kusa da kunnena:
"Baffa, talatin da ɗaya ne.
Daga nan sai su dawo da wani suna.
Jar motar nan ita ce shuɗiyar,
riga kawai ta sake."

Na ce ta rufe mini baki.
Ta rufe.
Amma tsakuwar nan ta zube ta a gabana,
ta jera ta a bakin buhu, ta tafi shan ruwa.

Sai ga Malam Barau na Unguwar Rimi,
kuɗin zabi huɗu ƙulle a bakin rawani.
Jikansa Ilu ya faɗo daga amalanke,
wata guda ke nan ƙafa tana cikin kara,
Sallar bana daga kan tabarma zai gan ta.
Ya juya kwalin, ya kai shi kusa da ido.
"Ɗari biyar, da gaske?"

Na dubi rubutun. Na dubi tsakuwa.
Mai tabarau ya kasa kunne.
Na ce, "Talatin da ɗaya."

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Yaron da motarsa gwangwani ce da murfin lemo,
talatin da ɗaya ai ta yi masa yawa."
Duk da haka bai bar ni ba,
sai da ya zaftare mini kuɗin zabuwa ɗaya.
Labari kuma ya riga ni zagaya kasuwa.
Biyu daga masu sayen safe suka dawo neman ragi,
na ba su, ina murmushin da ya fi kuka ciwo.

Tara na ɗauko zuwa gida.
Tasalla ta soke sifirin kwali da biro,
ta rubuta nata adadin, manya-manya.

Dare ya raba, mata suna ta dakan tuwon gobe,
na ja bargo, na kunna ɗaya a ɓoye.
Ɗan mutumin ya ruga, ya yi tsalle,
ya afka rami.
Ya tashi garau. Ya sake afkawa.
Shi rai uku aka ba shi,
kuɗin riɗi kuwa ɗaya gare su.
Na danna, ya tashi na uku,
muna dab da haye ramin nan
batir ya mutu.