Ɗakin Sama a Valparaíso

Dillali ya zo ran Talata da awonsa,
ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rufi.
Ya ce sabon tayil ɗin kicin
zai ɗaga farashi, ko ba yawa.

Amma ɗakin saman nan
da Eleuterio ya kafa da katakon mataccen jirgin ruwa,
shekara biyu yana hawa tudu da shi a kafaɗa,
ba shi da takardar izini.
Mai saye zai nemi ragi.

Rosaura ta dubi tagar
inda marigayin ke ƙirga jiragen da suka iso,
har ganinsa ya dushe.

Ta ce, "To, a rage.
Tagar dai zan ɓalle,
in tafi da abata."