Gaba Ashirin

Asuba ta same mu bayan Tarkwa,
fitilun Apapa sun koma tsabar gero.
Oga Bankole ya rage wutar inji,
ya ce, "Ɗanyawuri, saki."

Na saki katako biyu, dama da hauni,
suka buɗe kamar 'yan'uwan da suka raba gado,
kowa na jan zarensa nesa da kumfa,
don babban kifi ba ya son hayaniya.

Sai curin dalma, nauyin jariri,
na zura shi da waya, gaba ashirin,
can inda rana ba ta kai ziyara.

Babana da gora yake shiga kogi,
tafin hannunsa ya san kifi.
Ni na'ura ke zana mini duhu.

Tafiyar hawainiya. Awa uku.
Garin kwaki da ƙuli.

Sai maƙali ya ɓalle, ƙas!
Sanda ta miƙe, ta sake rusunawa,
zare na kuka.
Bankole na ihu da Yarbanci,
ni ina kiran sunan babana.

Da muka ɗora shi, ya fi ni tsawo.
Idonsa bai tambaye ni komai ba.
Hannuna dai, har Obalende yana rawa.