Amon Tulu

Shekara talatin ina ginin tulu a bayan Ƙofar Durɓi,
na san yumɓu, na san kwaɓi, na san gashi.
In mai saye ya zo, ɗan yatsa nake sa wa:
lafiyayye ya ce ƙal, mai tsaga ya ce ƙwaf,
tulu bai taɓa ɓoye mini abin da ke ciki.

To, yau ga ni, ni ce tulun.
Wata huɗu wani abu na zaune a kwiɓina na hagu,
ba ciwo can ba, nauyi dai, kamar ƙullin gari.
Na sha sabara, na sha jiƙon da ban san sunansa ba.
Ran da na ga ja a fitsari na bar gardama,
Lantana ta tare mana mai keke, sai asibiti.

Ɗakin da duhu, da sanyi kamar gindin randa.
Dakta Mannir, sa'an ɗana na biyu,
ya ce in kwanta a gefe, in ɗaga hannu.
Ya shafa wani abu mai yauƙin kuɓewa,
ya ɗora wani mai kama da dundungena.
Na ce, me yake yi? Ya ce, Inna, sauti yake aikawa,
ya shiga, ya bugi ƙoda, ya dawo da labari.
Na yi dariya har ya ce in riƙe numfashi.
Ashe sana'armu ɗaya,
shi dai kunnensa na gilashi.

Allon toka-toka ne da baƙi-baƙi,
kamar bayan tukunyar da wuta ta lasa.
Ya karkata, ya dawo, ya auna tsakanin ɗigo biyu.
Shirunsa ya fi abin kwiɓina nauyi.
Na tuna Yalwa maƙwabciyata,
da ciwon daji ya cinye tun ba a yanke gero ba,
tukwanenta shida na nan ɗanyu, ba wanda ya gasa.
Na ja duk addu'ar da ta zo mini baki.

Sai ya juyo allon. Ya ce, duba, Inna:
ɗakuna ne ƙanana, kamar saƙar zuma,
kowanne da ruwa garau,
bangonsu siriri kamar ɓawon albasa,
ba dunƙulen tsoka ko ɗaya.
Ya kunna launi, ja da shuɗi suka zagaye gefe,
suka ƙi shiga.
Irin wannan ƙari, in ji shi, ba kasafai ba,
shekararsa tara a ɗakin nan, ni ce ta biyu.
Kamanninsa na baƙo mai zaman lafiya ne, ba mai yaɗo ba.
Amma na'ura ba ta rantsuwa.
Sai an sake hoto a babban inji,
an ciro shi, an yanka, an duba,
kafin a ba shi suna na gaskiya da tabbaci.

Na ce, ɗana, na sani.
Akwai tulun da ya ce mini ƙal ran kasuwa,
da dare ya tsiyaye a zauren liman.
Amo shaida ne, ruwa ne alƙali.

Aka yi aiki ran Talata.
Mako uku ina jiran takarda,
ban taɓa yumɓu ba, tuwo ma sai Lantana ta yi faɗa.
Da ta zo, jikana Sada ya karanta, ya maimaita:
abin da allo ya faɗa, shi wuƙa ta iske.

Yanzu ƙoda ɗaya ke ɗebo mini ruwa,
ba ta ƙorafi; gida nawa ke rayuwa da randa guda?
Hoton yana cikin gwangwanin da nake ajiyar canji.
Jiya wata ta zo, ta ɗaga tulu, ta ce wannan fa?
Na ƙwanƙwasa, ya ce ƙal.
Na ce, amonsa mai kyau ne, 'yar nan,
amma ki cika shi, ki bar shi ya kwana,
gobe ki kawo mini kuɗi.