Ba Na Cikin Waɗanda Aka Ɗauke Wa

Bishir, ɗan ƙanena da ke buga takardu a sakatariya,
ya zo da ƙudurin a aljihu, ninki huɗu,
ya zauna kan bencin rumfata a Ƙofar Marusa
yana karantawa, ni ina kankare tsatsar wani sikeli.

Wai in ya zama doka, alƙali ba zai ƙara zama shi kaɗai ba
a shari'ar da ta yi nauyi.
Za a zaro sunaye daga rajistar masu zaɓe,
mutum tara, a aika musu sammaci:
ku zo ku saurara, ku ce ya yi ko bai yi ba.

Na ce, a aika ina?
Gidanmu bai taɓa sanin lamba ba.
Sai dai a rubuta: bayan injin markaɗe,
lungun da kwata ta karye, a tambayi mai sikeli.
Ya ce an hango wannan, ta hannun mai unguwa za a bi,
wanda ya ƙi amsawa kuma, tara.

Ya lashi yatsa, ya juya shafi.
Ga waɗanda aka ɗauke wa:
likita, saboda majinyata. Na ce to.
Soja da ɗan sanda. To.
Mai shayarwa, har ta yaye.
Wanda ya haura saba'in, da wanda ciwo ya kwantar.
Sai su kansu masu yin dokar.
Na yi dariya har na ƙware,
mai rabon tuwo ai ba ya kwana da yunwa.

Manomi fa, ranar da gero ke jiran maimai?
Babu shi.
Ni fa, in na rufe rumfa kwana bakwai,
da me Ladingo za ta ɗora tukunya?
Akwai kuɗin mota, in ji shi.
Nawa? Wurin a buɗe yake tukuna.

Ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Shekara goma sha tara ke nan
da Sada mai awon gyaɗa ya kawo mini sikelinsa.
Ba ni da sabon sifirin, rana ta yi, ina son kuɗin,
na sa masa tsoho na ɗaure.
Wata biyu aka kama shi da tauye awo.
Ina bakin tagar kotu ranar,
ina jin sa yana rantsuwa, murya na rawa,
alƙali na duban allurar da ni na karkatar.
Ba wanda ya kira ni.
Ni ma ban kira kaina ba.
Ya biya tara, kasuwa ta ba shi baya,
ya kwashe iyali ya koma Jibiya.
Sau ɗaya muka haɗu, wajen wata jana'iza,
shi ya fara miƙo mini hannu.

Da asuba na tare Bishir a ƙofar masallaci,
na ce sake karanta mini jerin nan, a hankali.
Ya karanta. Shekaruna sittin da ɗaya,
kunnena garau, ƙafata na kai ni kasuwa.
Babu layin da ya ce:
da wanda ya taɓa sani ya yi shiru.

Ya ce Baba, kwantar da hankalinka,
karatu ɗaya aka yi masa, ƙila ya mutu a kwamiti.

Na buɗe rumfa.
Na ɗora dutsen kilo ɗaya a kan sikelin jiya,
allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya daidai.
Na sauke, na sake ɗorawa.
Mai shayi ya leƙo ya ce motar Jibiya ta kusa cika,
ko ina da saƙo.
Na ce a'a.
Sannan na ce, ce su ɗan jira.