Tarin Babur ɗin Wanzami

A bayan aboboya aka kawo shi Magazin,
kwance ta gefe ɗaya kamar ragon da ya ƙi tafiya.
Honda hamsin, ja ne a da,
yanzu launin goron da aka tauna aka tofar.
Lantana ta sauko, ta kakkaɓe zane:
"Na babana ne, Gariba wanzami na Aboabo.
Shekara goma sha ɗaya yana jingine da bangon kicin."
Na ce, ruwan Kumasi sau biyu yake zuwa a shekara,
ki ninka lissafin.

Na taka kik. Dutse.
Na sa giya na tura, taya ta ja ƙasa tana kuka.
Fistin da silinda sun ƙulla amana,
tsatsa ce shaida.

Yarona Mumuni ya ɗauko babbar guduma,
na riƙe masa hannu.
Ƙarfen da ya daɗe yana fushi
ba a ba shi haƙuri da mari.

Na kwance fulogi, na ɗura kananzir da ɗan man burki
ta wannan ƙaramin rami, kamar mai shayar da jinjiri,
na toshe da tsumma.
Kullum kafin in sha koko
sai in ɗora sifana a noti in lallaɓa,
dama kaɗan, hagu kaɗan.
Bai ce uffan ba.
Opanin Buwakye mai walda yana leƙowa:
"Alhaji, sayar wa masu kilo ka huta."

Ran kwana tara na cire kai,
na yanko guntun katako daidai bakin fistin,
na ƙwanƙwasa kamar mai sallama a gidan surukai.
Ƙwas. Ƙwas. Shiru.
Sai ya gusa, faɗin farce,
baƙin ruwa ya tsiyayo a yatsuna.
Mumuni ya yi kabbara har masu fenti suka waiwayo.

Ringi sun kakkarye. Bangon silinda duk zane,
kamar kumatun da mai shi ya tsaga a zamaninsa.
Mai rarake ƙarfe na layin ƙasa ya goge mana shi.
Fistin, a gwangwanin wani tsoho a Tafo na samo,
ya sayar mini yana mita.
Salansa mai huji na jefar, na sa sabuwa,
kyauta, ban rubuta a lissafi ba.

Taku ɗaya, taku biyu, na uku ya kama.
Murya sumul, sai ka ce keken ɗinki.

Na kai shi Aboabo gab da magariba.
Ashe ba hawa Lantana za ta yi ba.
Uwarta ce a kan tabarma, Hajiya Abiba,
idanu sun tafi, kunne yana nan.
Na murɗa totur.
Ta karkata kai, ta saurara, ta daɗe,
ta ce, "Wannan baƙo ne.
Nawa yana tari tun kafin ya shigo lungu."

Da fitilar waya na koma Magazin,
na tone tarin ƙarafa har na zaƙulo ta,
huji biyu, da wayar da ya ɗaure ta da hannunsa.
Na mayar. Na sassauta tafet kaɗan,
aikin da in maigidana yana raye
da sai ya kore ni a kansa.

Washegari, tun daga bakin kwata ya fara:
tof, tof-tof, sai ya shaƙe, sai ya tuna.
Awaki suka watse.
Tsohuwa ta laluba mayafi ta gyara,
ta ce, "Lantana, ɗora ruwa.
Yau ma ya makara."

Lita ɗaya ce a tanki.
Ban taɓa makulli ba, na tsaya riƙe da kan babur
har ya shanye ta.

Sabuwar salansar tana rataye a rumfata.
Opanin ya taya sau biyu.