Jakar Marmaza

Ba ta da masauki.
Wasu sun ce tsakanin duwatsun Birni take kwana,
inda ƙadangaru ke shan hantsi.
Wasu sun ce ƙarya ne, ba ta kwana.
Marmaza, uwargijiyar sa'a da shagali,
mai wushirya, mai takalmi wari guda,
wadda in ta ƙyalƙyale da dariya a Zango
kaji su yi ƙwai a Garin Malam.

Jaka ce a kafaɗarta, ta fatar jan akuya,
gindinta da huda, bai fi ƙwayar gujiya ba.
Duk rabon da ya taɓa faɗo wa Damagaram
ta nan ya zube, ba da saninta ba:
jikar da Habsu ta tsinta a layin famfo,
tagwayen tunkiyar Nomau,
motar Agadas da ta bar Laminu a tasha
ta je ta kwana uku cikin rairayi, ba shi ciki.

Ni baduku ne.
Ran Alhamis, Kasuwar Dole na watsewa,
ta tsaya kaina tana ƙamshin tsire da zufar rawa.
"Ɗinke mini," ta ce, ta jefo jakar.
Da ma na yi tunani!
Amma hannu ya riga kai,
kuma ni mai ji da basillata ne.
Na ɗinka, na maimaita, na shafe da kakin zuma,
ko tururuwa ba ta ga hanya ba.
Ta biya ni da goro ɗaya, shi ma mai sankara.

Sai gari ya miƙe sak kamar igiyar magini.
Wanda ya shuka tiya ya girbi tiya.
Masu dara suka wuni kunnen doki.
Ba wanda ya yi tuntuɓe da tsohon aboki,
ba ɗan kabu-kabun da ya ɓata hanya
ya ga wadda zai aura.
Aka yi biki a Sabon Gari, kalangu ya yi iyakar yinsa,
ƙafafu suka tsaya suna lissafi.
Magaram mai ƙosai ta ce mini,
"Wata biyu ban yi mamaki ba. Kai fa?"
Na sunkuyar da kai kan fatata.

Daren Talata na bi sautin goge,
na hau dutse, na gangara, na kuje gwiwa.
Can na iske su:
jemagu na tafi, bushiya na guɗa,
wata ya sauko ya zauna kan turmi,
duwatsun da kansu suna girgiza ƙugu a hankali
don kada masu barci su farga.
Ita kuwa tana gefe, zaune.
Jakar ta kumbura kamar saniya mai ciki,
maratayin ya yanke mata kafaɗa.
"Baduku," ta ce, "aikinka ya yi kyau.
Dubi yadda ya yi kyau."

Ban ce uffan ba.
Na zaro aska, na tsinke zare uku,
aikin da na fi so a rayuwata.

Abin da ya zubo, ban iya ƙirga shi ba.
Ya bi lunguna kamar ruwan Agusta,
ya shiga gidan mai kirki, ya shiga na macuci,
bai tambayi kowa suna ba.
Ta miƙe, ta wurgar da warin takalmin,
ta ja ni fili, ni da ban taɓa rawa ba.

Kuna tambaya me na samu?
Ciwon baya na kwana huɗu.
Sai kuma da safe na fasa goron nan,
ɓari ɗaya ya ruɓe,
ɗayan fari tas.
Shi nake ci har yau, kaɗan-kaɗan,
kuma in an kawo mini jaka mai huda
sai na tambaya tukuna: ta wa ce?