Ɗakin Tsintuwa

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Ueno
akwai ɗan ɗaki mai jar fitila a goshi.
Nan Saje Kuwabara ke kwana a tsaye,
shekara ashirin da shida,
bindigar ƙugunsa ba ta taɓa tari ba.

Tokiyo ba ta wuni ba ta yar da wani abu ba.
Laima, laima, wata laimar kuma,
haƙoran roba a ƙunshe cikin hankici,
safar hannun hagu da sauran ɗuminta.
Kowanne ya ba shi lamba,
kamar mai raɗa wa jarirai suna.

Jirgin ƙarshe ya wuce.
Oba-oba na kiran wasu:
an zare wuƙa a Kabukicho, mota uku ta tashi.
Shi nasa rabon
wani akawu ne da giya ta kwance wa gwiwa.
Ya ba shi ruwa, ya ranta masa kuɗin mota.

Da hantsi Chisato, 'yar aji ɗaya,
ta yi ɗage, ta ajiye yen goma a tebur.
Bai yi dariya ba. Ya jawo takarda:
"A ina kika tsinta? Ƙarfe nawa?"

Sai ga tsohuwar nan, kamar jiya,
wai mijinta ya fita bai dawo ba.
Saje ya san tokarsa na haikali tun bara waccan.
Ya ɗauki hula.
"Mu je mu duba gida, Iya."

Ya dawo, ya buɗe rajista,
ya rasa layin da zai sa wannan.